"In ka ji ƙi gudu, sa gudu ne bai zo ba": gori ne ko uzuri?

Ɗan Damagaram: Jama'a, jiya a wurin zaman makoki gardama ta kaure tsakanin dattawa biyu, ɗaya ya ce ko sama za ta faɗo ba zai bar gidan ubansa ba, ɗayan ya mayar masa da wannan magana. Shin gori ake yi wa mai taurin kai da ita, ko kuwa uzuri ake nema wa wanda ya gudu?

Malamin Gangare: Gori ne. Ana faɗa wa mai cika baki, domin a tuna masa cewa bai gamu da gamonsa ba tukuna.

'Yar Njamena: Malam, ni daga bakin kakata na ji ta, kuma tana kuka ta faɗe ta. Shekarata 7 a 1980, lokacin yaƙin basasar Chadi da dakarun madugai biyu, Hissene Habre da Gukuni Waddai, suka raba garinmu Njamena biyu. Tun watan Maris maƙwabta suke tsallaka kogin Shari a kwale-kwale zuwa garin Kuseri na Kamaru, ita kuwa ta rantse ba za ta bar ɗakin da ta haifi 'ya'yanta tara ba. Idan aka fara ruwan wuta, sai ta tura mu ƙarƙashin gadon ƙarfe, ta lulluɓe mu da zanenta, tana karanta Ayatul Kursiyyu, ƙasar rufi tana zubo mana a ka. Har yau idan na ji ƙarar jirgi da dare, warin wannan ƙurar nake ji. Ranar da bam ya rushe katangar maƙwabcinmu ya kashe awakinsa, ta ɗaure ƙullin gero da buta, ta ce, "Ku tashi jikokina, sa gudu ya zo."

Baban Amira: Allah ya jiƙanta. Ai shi kansa Habre, da jiragen Libiya suka matsa masa a watan Disamba na shekarar, Kamaru ya tsallaka. Masu hura wutar nan kullum su ne da fasfo a aljihu, kamar wasu namu da ke zuga matasa alhali 'ya'yansu suna karatu a Ingila.

Malamin Gangare: To ai kun dawo kan maganata.

'Yar Njamena: A'a Malam, Kaka ba ta taɓa cika baki ba, ɗakinta kawai take so. Ta rasu a Kuseri ba ta sake ganinsa ba.

Ɗan Damagaram: A wurinmu kuma na ji ana cewa "sa gudu bai iso ba". Ko akwai wanda ya san ta haka?