Mai haƙuri yakan dafa dutse: to wa ke shan romon?

Baban Walid (Cikago): Salamu alaikum jama'a. Gardama ce ta kaure a gidana jiya, na kawo muku ku raba. Shekarata 19 a garin nan, kuma tun zuwana maƙwabcina, wani dattijon Bature, ya koya mini son Chicago Cubs, 'yan wasan bezbol ɗin nan na sanda da ƙwallo. Jiya yarona ya ce shi ya gaji, ya koma Dodgers ta Los Angeles tunda su ke cin kofi yanzu. Na ce masa kai yaro ne, Cubs ɗin nan sun ɗauki kofin World Series, babban kofin bezbol na Amurka, a 1908, ba su sake ɗauka ba sai 2016, shekara 108 cur magoya bayansu na zuwa kallo ba su gudu ba. Mai haƙuri yakan dafa dutse har ya sha romonsa. Sai uwargida ta leƙo daga kicin ta ce, "Baban Walid, wanda ya ɗora tukunyar a 1908 shi ya sha romon?" Wallahi na rasa ta cewa.

Ɗan Gwammaja: Maman Walid ta gama da kai, Alhaji. Ka ba yaro haƙuri kawai ka sayo masa sabuwar hula.

Malam Na-Zaure: Wa alaikumus salam. Ai ba a ce dutsen zai nuna yau ko gobe ba. Cewa aka yi yakan dafa. Wanda ya mutu yana hura wutar ma ya samu nasa, ladan haƙuri ba a kofi yake ba.

Ɗan Gwammaja: Malam, ladan kallon ƙwallo? A wane babi?

Baban Walid (Cikago): Abin da ya sa maganarta ta soke ni ke nan. Akwai ɗan wasansu Ernie Banks, har "Mr. Cub" ake ce masa. Daga 1953 zuwa 1971 yana yi musu wasa, bai taɓa sa rigar wata ƙungiya a babbar gasar ba, bai taɓa buga wasan neman kofi ko sau ɗaya ba. Ya rasu a Janairun 2015, saura shekara ɗaya da watanni. Da aka ci kofin, mutane suka riƙa zuwa da alli suna rubuta sunayen iyayensu da kakanninsu da suka mutu a jikin bangon filinsu na Wrigley. Maƙwabcin nawa ya rubuta na mahaifinsa, ya dawo yana kuka kamar an yi masa sabuwar mutuwa.

Zinariyar Maraɗi: Yaya Baban Walid, bari in ba ka labarin kakata, Allah ya jiƙanta, Inna muke ce mata. Kakanmu ya tafi cin rani Kumasi fataucin goro, ya ce da ita sai damina. Damina goma sha ɗaya ta wuce. Ba wasiƙa, ba sallahu, sai dai wani ya dawo ya ce ya hange shi a zango. 'Yan'uwanta suka yi ta matsa mata ta je gun alƙali a raba auren, har wani mai shanu ya aiko, ta ce a'a. Ita ke noman gonar, ita ke dakau, ta yi ƙuli-ƙuli ta aurar da 'ya biyu. Akushinsa kuwa duk Juma'a sai ta sauko da shi ta wanke ta shafa masa mai ta mayar. Sai ga shi a ƙarshen 1969, lokacin da gwamnatin Busia ta kori baƙi daga Gana. Ya sauko daga mota da tabarma, da buta, da mace, da yara uku.

Ɗan Gwammaja: Inna lillahi! Romon ya iso da naman kai.

Zinariyar Maraɗi: Tsaya mana. Ba ta ce uffan ba. Ta share ɗakin da take ajiye hatsi ta sa amaryar, ta dama fura ta ba yaran. Wannan akushin ta zuba masa tuwo a ciki. Amma tun daga ranar har ya koma ga Allah ba ta sake zama kusa da shi yana cin abinci ba. Mu da muka taso, in wani ya ce mata "Inna, ke kam kin dafa dutse," sai ta yi dariya ta ce, "Dutse yana nan yadda yake, 'yar nan. Ni ce na nuna." Kuma abin mamaki, kishiyar nan ita ta yi jinyarta shekara huɗu da ƙafa ta mutu mata. Har yau ban san ko Inna yabon haƙuri take ko tsine masa take ba.

Anti Mai Lalle: Tsine masa take. Mu mata mun san irin wannan dariyar. Kullum mace ake karanta wa karin maganar nan, ban taɓa jin an zaunar da namiji an ce ya dafa dutse ba.

Baban Walid (Cikago): Anti ga ni nan, ni da Cubs.

Anti Mai Lalle: Kai da ka zo an kusa saukewa? Shekara nawa ka jira, goma? Kai ɗan shan romo ne, Alhaji.

Malam Na-Zaure: Allah ya jiƙan Inna. Ta tuna mini da matar nan da Sayyidina Umar ya tarar da dare ta ɗora tukunya babu abinci a ciki, don yara su sa rai har barci ya ɗauke su. Ku lura, shi bai ce mata ta ƙara haƙuri ba. Buhun gari ya je ya saɓo a bayansa.

Talaka Bawan Allah: To mu namu shugabannin ɓangaren tukunyar kawai suka haddace. Kowace shekara "a ƙara haƙuri, an kusa." Sun ba mu dutse, itacen ma sun cire masa tallafi.

Ɗan Gwammaja: Kuma su ba sa zama a ƙungiya ɗaya. Wani ɗan majalisarmu ya sauya sheƙa sau uku, hular kawai yake canzawa. Walid ya yi sau ɗaya an taso shi gaba. Ku bar yaro, yana da makoma a siyasa.

Sai Masu Gida: Ni ban yarda ba. Da Pillars ta faɗa rukuni na biyu a 2022 wa ya gudu? Mu da muka ɗaga kofi 2012, 2013, 2014 a jere. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Anti Mai Lalle: So hana ganin laifi dai.

Talaka Bawan Allah: Wai ni Alhaji, me ya hana su ci har shekara ɗari? Ko an yi musu asiri ne?

Baban Walid (Cikago): Ka taɓo wurin! Turawan ma haka suka ce. A 1945 wani mai mashaya, Billy Sianis, ya zo kallo da bunsurunsa, aka fitar da su, wai saboda wari. Ana cewa ya yi musu baki. Daga wannan shekara ba su sake kaiwa wasan ƙarshe ba sai 2016. Ranar ma sai da ruwan sama ya tsayar da wasa minti 17 kafin su doke Cleveland 8 da 7. Su kuma Cleveland rabonsu da kofin tun 1948.

Ɗan Gwammaja: Bakin mai bunsuru shekara 71? Da sun zo nan, da baƙin zakara ɗaya an karya shi.

Malam Na-Zaure: A'uzu billahi. Ɗan Gwammaja ka ji tsoron Allah.

Zinariyar Maraɗi: To su mutanen Cleveland ɗin wane karin magana za a ba su?

Baban Walid (Cikago): Yanzu na dawo daga kanti. Hular Dodgers ɗin ma shuɗiya ce irin tamu, harafin gaban ne kawai ya bambanta. Maman Walid ta ce in na gama da ku in zo in duba tukunya.