Wai karatun likita asara ne ga 'ya mace?

Gwaggo Ramatu: Salamu alaikum 'yan uwa. Albishirinku, Rahinatun Yaya Tanko ta samu gurbin karatun likita a Tek, jami'ar kimiyya da fasaha ta Kumasi, jiya takarda ta fito. Sai dai uban ya ce sai ya yi tunani. Na kawo maganar nan ne don kowa ya ji.

Alhaji Tanko: Wa alaikumus salam. Ramatu, da kin bari mun ƙare ta a cikin gida. To tunda kin fasa ƙwai, ga abin da na faɗa, kuma ban janye ba: karatun likita asara ne ga 'ya mace. Shekara 6 a makaranta, 2 kuma a asibiti kafin a sake ta. Yarinyar nan shekararta 19, ku lissafa. Kafin ta gama, sa'o'inta na nan Aboabo sun yaye na uku. Daga baya miji ya ce bai yarda da kwanan asibiti ba, takarda ta koma ƙarƙashin akwati, gumin goro na shekara takwas ya bi ruwa. Ta yi nas ko ungozoma, shekara 3 ta fito.

Bashiru: Kawu bai faɗi ƙarya ba. Matata nas ce, na san abin da aikin dare ke yi wa gida. Da asuba ni ke yi wa yara wanka, ni ke bin layin koko. Nas ke nan fa, ina ga dakta.

Mariyama: Kawu, ka yi mini haƙuri, zan tuna maka wani dare. Haihuwar tagwayena. Ƙarfe biyu na dare jini ya ɓalle mini, wanda ke bakin aiki namiji ne. Ina kan gado ina jin muryarka a baranda kai da maigidana, kuna bin nas-nas kuna tambaya ko ba dakta mace. Babu. Sai da aka ɗauki lokaci ana lallashinku kafin aka sa hannu a takarda, ni kuwa zanina ya jiƙe har ƙasa, Inna na riƙe da kaina tana karanta mini Ayatul Kursiyyu. Allah Ya yi da sauran kwana. To mace da kuke nema a daren nan, 'yar wa ce? Ba uba ne ya haife ta ya biya mata makaranta ba?

Alhaji Tanko: Na tuna, Mariyama. Kishin iyali ne ya sa, kuma ba na jin kunyarsa.

Mariyama: Ban ce ka ji kunya ba, Kawu. Cewa na yi a samar mana ita.

Malam Shu'aibu: Bari in sa baki ta ɓangaren addini. Malamai sun sa ilimin magani cikin farilla ta kifaya: in wasu suka tsaya da shi an sauke wa sauran, in kowa ya bari kowa ya yi laifi. Kuma mata ba baƙi ba ne a wurin. Rufaida 'yar ƙabilar Aslam tana da tanti a masallacin Madina inda take jinyar masu rauni, can aka kai Sa'adu ɗan Mu'azu da kibiya ta same shi a yaƙin Handaƙ. Sannan abin da ya faru da Mariyama, in lalura ta zo namiji ya duba mace babu laifi, kada wani ya sake jinkirta rai a kan haka.

Bashiru: Malam, ba wanda ya ce haramun ne. Tambayar ita ce wa zai riƙe gida. Kuma mu faɗi gaskiya, aikin tiyata na tsayuwar awa shida ba na mata ba ne, shi ya sa duk suke gudu zuwa ɓangaren yara.

Dakta Hasiya: Salamu alaikum. Yanzu na fito daga zagayen marasa lafiya na tarar da saƙo sun taru. Kawu, ba zan ce maka aikin nan da sauƙi ba. Hutun haihuwa da dokar ƙwadago ta 2003 ta tanada mako 12 ne. Na koma aiki Abdallah ko zama bai fara ba. A ɗakin kwanan likitoci nake rufe ƙofa in tatsi nono in zuba a kwalba, direban taksi na unguwarmu ya kai wa surukata a Asawase. Akwai daren da rigata ta jiƙe ina tsaye kan mara lafiya, na san yaron na can yana kuka. Har yau kuma, da farar riga da abin awo a wuyana, sai tsoho ya dube ni ya ce, 'yata, kira mini daktan. Duk wannan gaskiya ne.

Amma ga abin da ba ku gani. Wata tsohuwa mai sayar da wake da shinkafa ta zo mini, ba Turanci, Tuwi ɗinta na ciniki ne kawai. Ta zo asibiti a baya tana cewa ciwon jiki, a ba ta magani ta koma. Da ta ji na gaishe ta da Hausa sai ta dubi ƙofa, ta ce in rufe. Ta kwance zani, ta cire wani tsumma da ta naɗe nono da shi. Ƙari ne, ya riga ya fashe. Fiye da shekara tana ɓoye shi, don ba za ta buɗe ƙirjinta gaban namiji sa'an ɗanta ba, kuma ba ta da bakin da za ta yi bayani. Irin su suna da yawa a zangonmu: mai yoyon fitsari, mai zubar jini bayan al'ada ta ɗauke, mai hawan jini da ciki wadda ba ta zuwa awo sai jijjiga ta kama ta. Ni kaɗai ba zan ishe su ba.

Gwaggo Ramatu: Allah sarki. Ta rayu?

Dakta Hasiya: Ta yi wata bakwai, Gwaggo. Da ta zo da wuri da labarin ya bambanta. Bashiru kuma, ka je asibitin Korle Bu a Ankara, babban birnin Gana, ka tambayi sunan Farfesa Afua Hesse, likitar tiyatar yara ce, kuma ta shugabanci ƙungiyar likitoci mata ta duniya. Ɓangaren yaran da ka raina, can Susan Ofori-Atta ta yi suna. Ita ce macen Gana ta farko da ta zama likita, ta gama a Edinbara a 1947, ta yi aiki a asibitin yara na Princess Marie Louise har mutane suka sa mata mmofra dakta, wato daktan yara. Kafin ita akwai Agnes Savage, wadda mahaifinta ɗan Najeriya ne, da ta gama a 1929 ta zo Korle Bu, Turawan mulki suka ƙi ba ta albashi da masauki irin na takwarorinta farare, ba ta ajiye aikin ba.

Alhaji Tanko: Waɗannan 'ya'yan manya ne, Hasiya. Ofori-Atta 'yar sarki ce. Ke ma sa'a kika yi Allah Ya ba ki suruka mai haƙuri. Wa ya ba ni tabbacin Rahinatu za ta samu irinta?

Dakta Hasiya: Ba wanda zai ba ka, Kawu. A ajinmu akwai matan da aure ya zaunar da su, ban ɓoye ba. Amma akwai maza da yawa da suka gama suka haye jirgi zuwa Ingila da Amurka, ko allura ɗaya ba su yi wa ɗan zango ba, ban taɓa jin an ce karatunsu asara ne ba. Maganar aure kuma, ina aji biyar aka ɗaura nawa, kai ne ma waliyyina. Tun ranar gaisuwa Baaba ya faɗa wa dangin miji cewa aikin nan da kwana a waje, in ba su iya ba su faɗa tun wuri.

Gwaggo Ramatu: In goyo ne matsalar, ni zan goya. Na goyi takwas ina zaune a kasuwar Kejetia da rana a kaina, ɗan Rahinatu ba zai gagare ni ba. Kuɗin littafi kuma adashena na watan gobe nata ne.

Bashiru: Ni dai ina nan kan bakana. Kaka ba uwa ba ce, yaro na buƙatar uwarsa da dare.

Mariyama: Yaya Bashiru, ni ma a daren nan uwar wani nake buƙata.

Malam Shu'aibu: Tun ɗazu muna ta yanke wa yarinya hukunci, ba wanda ya ji ta bakinta.

Alhaji Tanko: Wannan kuma gaskiya ne, Malam. Ban ce na yarda ba, kada Ramatu ta fara guɗa. Hasiya, ki zo gida ki zaunar da ita a gabana, ki faɗa mata duk abin da kika faɗa nan, har da kwalbar nonon. In ta ji ta ce tana so, sai mu duba takardar kuɗin.

Dakta Hasiya: To, Kawu. Yau a asibiti zan kwana. Gobe bayan Jumma'a ina nan tafe, in Allah Ya so.