Don Allah a taimaka, linki na yankewa idan akwai ƙ ko ɗ a sunan kaya

Salam 'yan uwa, kwana 3 ke nan abin nan ya hana ni barci wallahi. Ina sayar da atamfa da turaren wuta ta WhatsApp, ban iya kodin ba, sai na haɗa Google Sheets (teburin da nake rubuta kaya) da Make (manhajar da ke haɗa ayyukan wasu manhajoji su riƙa tafiya da kansu) da Bitly (mai gajarta linki), duk kayan da na rubuta a layi sai Make ya ƙirƙiro linkin wa.me (linkin da ke buɗe hira a WhatsApp) mai ɗauke da saƙon oda a shirye, Bitly ya gajarta shi, ya dawo da shi cikin Google Sheets ɗin.

Idan sunan kalma ɗaya ne lafiya lau. Amma da na rubuta "ƙaramin turare ɗan goma" sai kwastoma ta danna ta ga rabin saƙo kawai, wani lokacin ma linkin ya ƙi gajartuwa gaba ɗaya. Na sa encodeURL (umarnin Make da ke mayar da rubutu yadda zai shiga linki) a kan linkin duka, sai ya canza har da : da / ɗin farko, aka ce ba linki ba ne.

Na san kuskuren daga wajena yake. Shin abin da ke bayan text= (wato saƙon da ke cikin linkin) kaɗai zan sa wa encodeURL, kuma a wane mataki, kafin Bitly? Ba na son cire ƙ da ɗ, haka kwastomomina suka saba gani.