ATmega328P na aiko shirme ta UART (hanyar aika bayanai ta waya) a gudun 115200, ina mafita?

Assalamu alaikum, 'yan uwa. Allon da na haɗa yana amfani da ƙaramin cif mai sarrafawa ATmega328P a kan agogon cikinsa na 8 MHz, babu kiristal, fiyus ɗin CKDIV8 (mai raba gudun agogo gida takwas) a kashe. Yana magana da kwamfuta ta CH340 (cif mai haɗa UART da USB): TX zuwa RX, RX zuwa TX, GND a haɗe, duka a 5V, tsari 8N1 (bit 8 na bayani, babu bit na tantance kuskure, bit 1 na tsayawa).

A gudun 9600 (bit a daƙiƙa) saƙo na zuwa lafiya. A 115200 haruffa a hargitse suke fitowa. Na kunna U2X0 (mai ninka gudun UART), na sa UBRR0 (rajistar saita gudun) a 8, wanda a lissafi ke ba da 111111, kuskuren kusan 3.5%. Abin da ya fi ɗaure mini kai, ko 38400, da kuskurensa bai wuce 0.2% ba, yakan fara zubar da haruffa idan allon ya ɗumama.

Zargina agogon ciki ne ke zamewa. Kiristal na 7.3728 MHz zai raba 115200 daidai, amma PB6 da PB7, ƙafafun da ake haɗa kiristal a kansu, suna kan wani aiki. Shin daidaita OSCCAL (rajistar gyara gudun agogon ciki) zai riƙe a yanayin zafi, ko dole in sake zana allon? Ku taimaka.