Lasisi ko aikin koci: shawarwari ga masu sauya jinsi a Amurka

Tambayar da aka yi ta juyawa ita ce: mai sauya jinsi da ke son taimakon masu damuwa, ya nemi lasisin kula da lafiyar ƙwaƙwalwa ne, ko ya tsaya a aikin koci, wato mai ba mutane shawara kan tafiyar da rayuwarsu?

Yawancin masu ba da shawara sun ce hanyar lasisi doguwa ce, ga cin kuɗi. Sai an yi digiri na biyu, sannan aiki ƙarƙashin kulawar gwani (a Kalifoniya sa'o'i 3,000), sannan jarrabawa. Inda gizo ke saƙa shi ne takardu. Takardar makaranta da tsohon suna, katin shaida da sabo, hukumar ba da lasisi kuma tana bincike da zanen yatsa. Shawarar ita ce a daidaita su tun kafin neman lasisi. An kuma ja kunne sosai kan zaɓen mai kulawa, domin sa hannunsa ne ke tabbatar da sa'o'in, kuma wanda bai karɓe ka ba, yana iya ja maka shekaru. Hukuncin Bostock da Kotun Ƙolin Amurka ta yanke a 2020 ya hana kora daga aiki saboda sauya jinsi, amma bai sa asibiti ya buɗe maka ƙofar horo da fara'a ba.

Aikin koci kuwa ba ya buƙatar lasisi, takardar shaidar ICF (ƙungiyar masu aikin koci ta duniya) ma ganin dama ce. Sai dai inshora ba ta biya, kuma koci ba shi da hurumin tantance cuta. Wannan a ganina ba ƙaramin giɓi ba ne, tunda masu zuwa da yawa ciwon damuwa ne ke kawo su, dole a tura su wurin mai lasisi.