Me za mu kira mai tarin da ba a gwada ba tukuna?

Ɗan Mabera: Salamu alaikum. Akwai takardar horar da masu kemis da za ta tafi wurin bugu ranar Alhamis, kalma ɗaya ta tsayar da aikin: "presumptive TB". Wato mutum ya zo kanti yana tari mako 2 ko fiye, ko da zazzaɓi, zufar dare da rama, amma ba a gwada kakinsa ba. Na sa "wanda ake zargi da tarin fuka". Ya yi?

Malamar Arkilla: Wa alaikumus salam. Don Allah cire "zargi". Ɓarawo ake zargi. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta bar kalmar "suspect" tun 2013, ita ma laifi take ɗora wa mara lafiya. Mai kemis ya ce wa magidanci gaban jama'a "ana zarginka", ba zai karɓi takardar turawa asibiti ba, kanti na gaba zai nufa. Sa "mai alamun tarin fuka".

Mai Kemis, Runjin Sambo: Na goyi bayan Malama. Aikin mai kanti a nan gajere ne: ya tambayi tsawon tarin, ya rubuta suna a rajista, ya cike takardar turawa, ya ba da robar kaki in an ba shi. Ya bayyana cewa kakin ƙirji ake so, wanda aka yi tari aka ciro, miyau ko majina ɓata gwaji suke yi. A rufe robar da kyau, kada a bar ta a rana. Na'urar gwajin kaki ta GeneXpert na fitar da sakamako cikin kamar awa 2, har ta nuna ko ƙwayar cutar ta bijire wa rifampicin, ɗaya daga cikin manyan magungunan tarin fuka. Inda ake ɓarna shi ne a miƙa wa mai tarin maganin kashe ƙwayoyin cuta irin ciprofloxacin ko levofloxacin. Tarin zai lafa kwana kaɗan, ya ɗauka ya warke, cutar na nan, yana raba wa iyalinsa a ɗaki ɗaya.

Baban Kanwuri: Kalmomi huɗu don abu guda? Hausa ba ta talauce ba. Daga "zata" muna da "zatacce", kamar karɓa da karɓaɓɓe. Zatacce, zatacciya, zatattu. Kuma wanga "fuka" na Kano ne, mu nan Sakkwato huka muka cewa. "Kemis" ma mi ya hana a ce shagon magani?

Malamar Arkilla: Allah ya ƙara wa Baba lafiya, ginin kalmar daidai ne. Amma zatacce da me? Sai an ƙara bayani, an koma gidan jiya. Yaron kanti zai karanta takardar nan, ba ɗalibin nahawu ba.

Baban Kanwuri: Ɗiyata, kowace kalma baƙuwa ta taɓa zama. Garin Shehu da Bello, inda aka yi waƙe da wa'azi da Hausa tun kafin zuwan Bature, shi za a ce ya jira Kano ta ba shi kalma?

Ɗan Gawon Nama: Baba, takardun shirin yaƙi da tarin fuka na ƙasa duka "fuka" suke rubutawa, in muka bambanta za a zaci cuta biyu ce. Abin da ya fi damuna, mutane da yawa in sun ji huka asma suke nufi, mai sa numfashi yin shewa. Shi ya sa a asibiti za ka ji "tarin tibi".

Baban Kanwuri: Tibi kuma! Ina ƙoƙarin fitar da baƙo ɗaya, ka shigo da wani.

Mai Kemis, Runjin Sambo: A cikin kanti ba wanda zai ce "mai alamun" komai. "Dogon tari" muke cewa, mutum ba ya jin kunyarsa. Daga nan sai a gaya masa gwaji da magani kyauta ne, in ta tabbata wata 6 zai yi: wata 2 na farko magani huɗu a haɗe, wata 4 na baya rifampicin da isoniazid. A sanar da shi fitsari zai yi ja-ja, kada ya tsorata ya daina. Masu yankewa da zarar sun ji sauƙi su ne ke dawowa da tarin da ba ya jin magani.

Malamar Arkilla: Sai dai "dogon tari" bai kama kowa ba. Yaro kan zo da rama da zazzaɓi, tarin kaɗan. Mai ɗauke da HIV kuwa ba a jiran mako 2.

Ɗan Mabera: To ga abin da zan yi: a rajista da takardar turawa, "mai alamun tarin fuka". A sashen yadda za a yi wa mai saye magana, "dogon tari". Zan sa layi ɗaya cewa a Sakkwato huka ake furtawa, kuma ba asma ake nufi ba.

Baban Kanwuri: Layin huka na karɓa. Zatacce kuwa ban janye ba, bugu na biyu za mu sake zama.

Ɗan Mabera: Allah ya kai mu, Baba. Saura "treatment supporter", mai tsayawa a sha magani a gabansa. Wa ke da shawara kafin Laraba?