Abin da na tsinta a hirar fada kan diyyar wanda aka ji wa rauni

Jiya a fadarmu nan Damagaram mun daɗe kan maganar ƙanin wani abokinmu da aka sara a hannu, maƙwabci ne ya yi, iyaye sun ce kar a kai ƙara, to amma kuɗin magani fa wa zai biya?

Abin da kowa ya yarda da shi, a fara zuwa asibiti a karɓi takardar likita, sartifika ɗin da ke nuna raunin da kwana nawa mutum ba zai iya aiki ba, a adana ordonas, wato takardar da likita ya rubuta magani, da rasit na farmasi duka, a ɗauki hoton ciwon tun bai warke ba. Wallahi nan ne mutanenmu ke sakaci, sai an zo lissafi a rasa hujja.

Wani dattijo ya ce a je sulhu wajen mai unguwa ko fadar Sarki, amma a rubuta abin da aka yanke, nawa ne, yaushe za a biya, shaidu su sa hannu. Alkawarin baki kawai ba ya riƙe mutum.

Wani da ya karanta shari'a ya ƙara da cewa neman diyya daban, neman a hukunta daban, kana iya zuwa kotu ka nemi kuɗinka kaɗai. Sai dai in labari ya kai ga parkire, wato mai gabatar da ƙara na gwamnati, yana iya bin maganar ko ka yafe. Wanda ba shi da kuɗin lauya kuma ya tambayi ofishin ANAJJ, hukumar taimakon shari'a, a kotu, don talakawa aka kafa shi.